Kaji Ɗari Biyar da Roƙon Inna

Kaji ɗari biyar ne, 'yan kwana ɗaya, a cikin kwali goma. Ɗari uku nawa, ɗari biyu na Baffanku Umaru, wanda nake kira Yaya Sanda. Ni na zuba duk abin da na tara a cinikin shinkafa, har da jarin da ya kamata in ajiye don sayen sabuwa idan kaka ta yi. Shi kuma ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, jan, wanda ya fi ƙarfi, da niyyar ya mayar da shi bayan Sallah. Ban da wannan akwai alkawarin da na yi wa masu gashin kaji na Gummi da na Anka, cewa kafin ƙaramar Sallah kaji za su iso hannunsu. Ɗan kasuwa irina, wanda bai gaji ko rumfa ba, maganarsa ita ce rabin jarinsa.

Na san abin da kuka ji a gidajen suna da na biki, cewa na zaɓi lafiyayyun 'yan tsaki na bar wa yayana marasa ƙwari, da suka fara mutuwa kuma na rufe masa ƙofa. Maganar farko ƙarya ce. Ta biyu gaskiya ce, amma ba yadda ake faɗinta ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan da hannuna, tunda gonar kajin nan ku za ta koma wa, kuma 'ya'yan Baffanku 'yan'uwanku ne.

Yadda na shiga harkar kaji, ta hanyar buntun shinkafa ne. A wancan lokacin buntu a Gummi shara ne, masu injin casa har godiya suke yi idan ka kwashe musu. Wani mai gidan gona a Gusau ya ce in riƙa kawo masa don shimfiɗa wa kajinsa, sai na riƙa cika mota ina kai masa. Duk zuwan da na yi ba na juyowa da wuri. Nakan tsaya in ga yadda aka yi ginin, gajeren bango iya gwiwa, sama duk ragar waya, rufi can bisa, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Na lura kowace safiya kafin a zuba abinci sai an tattara robobin ruwa an wanke su da soso da sabulu, an kife su sun tsane. Na tambaye shi dalili. Ya ɗauko roba ɗaya da ta kwana da ruwa ya ce in shafa cikinta da yatsa. Na shafa, na ji santsi kamar miyar kuɓewa. Ya ce mini wannan santsin shi ne gidan cuta, kuma duk maganin da ka zuba a kansa ka yi asararsa. Ban yi boko mai nisa ba, amma abin da yatsana ya taɓa ba na mantawa.

Da na dawo na gina rumfa a bayan gari kusa da inda nake ajiye shinkafa, a kan tudu. Yaya Sanda ya zo ya zagaya ta yana dariya, ya ce wannan ai kejin kura ne irin na masu wasa. Amma da ya ji ribar da ake samu cikin wata biyu, sai ya ce shi ma yana ciki. Na yi murna ƙwarai. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da babban gida da Inna, noman fadama kuma shekara biyu bai ba shi komai ba saboda ambaliya.

Ranar da motar ta iso tasha, ana tsakiyar damina, kwalayen ko buɗe su ba a yi ba. Na ce masa:

"Yaya, kai ne babba. Ɗauki naka huɗu, abin da ka bari shi na nawa."

"To ɗan kasuwa, yau kuma kyautar zaɓi anka ba ni? Bari in ɗauki na ƙasa, na san wayonka bisa yake."

Ya zaro huɗu daga ƙasa, mutanen tasha na dariya. Wasu daga cikinsu suna raye, ku tambaye su.

Na ɗauka rumfata za mu nufa gaba ɗaya, sai ya ce a'a, nasa a gida zai sa su, a tsohon soron da mahaifinmu ke ajiye gero. Ya ce dukiya ba a baje ta a bakin hanya kowa ya wuce ya ƙirga, bakin mutane ya fi muzuru ɓarna. Ban ja da shi ba. Gaskiya ni ma na fi son kowa ya riƙe nasa, don na ga yadda tarayya ke raba 'yan'uwa a kasuwa. A ganina a lokacin, rigima na kauce wa.

Kada ku ɗauka Baffanku rago ne ko maras sani. A unguwarmu babu wanda ya kai shi iya kiwon zabi da kajin gida. Abin da ya sani ne ya cuce shi. Kazar gida wuri mai duhu da ɗumi take so ta kwana, da safe ta fita ta yi yawonta, ta sha ruwa a kaskon da ke gindin bishiya ko a kwata, ba abin da zai same ta. Farar kazar nama ba haka take ba. Inda ta ci nan za ta sha, nan za ta yi kashi, nan za ta kwanta da ƙirjinta a ƙasa, hancinta bai fi taƙi ɗaya daga shimfiɗa ba. Abin da ke ƙasan ɗakin shi take shaƙa dare da rana. Soron kuwa taga ɗaya gare shi, ƙarama, ita ma ya toshe ta da buhu.

Makonni biyun farko shi ya yi gaskiya, kuma dole in faɗa. Ɗan tsako ɗumi yake so. Soronsa da murhun gawayi ɗaya ya ishe shi, ni kuwa iskar hadari ta riƙa ratsa rumfata, na yi asarar kusan ashirin kafin in gane in zagaye ragar da buhuna in kuma ƙara murhu. Shi uku kawai suka mutu masa. Ya same ni wata safiya a bakin rijiya na jera robobi ina wankewa, ya tsaya da fartanya a kafaɗa.

"Garba, wai kaji na kaka kiwo ko surukai? Kullum wankin kwano! Gobe sai ka shimfiɗa musu darduma."

"Yaya, kai ma ka riƙa wanke naka. Ruwan da ya kwana a zubar."

"In zubar? Da maganin da ni saya da tsada a ciki? Ƙari nika yi bisa. Kai da ka wanke, nawa sunka mutu maka? Ni uku."

Kunya na ji ranar, na ci gaba da wankina.

Da kajin suka yi wata guda sai abin ya juya. Sun yi gashi, jikinsu ya fara fitar da zafi, cinsu da kashinsu ya ninka. Na kwashe buhunan da na zagaye rumfa da su, na ɗora robobin ruwa a kan bulo daidai bayan kaza don kada su riƙa watsa buntu a ciki, duk inda shimfiɗa ta jiƙe kuma in kwashe in zuba busasshiya. Azumi ya kama, aikin ya yi nauyi, ni da mahaifiyarku muke yinsa, ita ta wanke ni in ɗebo ruwa. Kajin suka riƙa cika hannu. Idan na ɗaga ɗaya yau, bayan kwana kaɗan in na sake ɗaga ta sai in ji bambanci a wuyan hannuna.

A farkon azumin na shiga babban gida gaida Inna, na ce bari in leƙa soron. Ina tura ƙofa wani wari ya buge ni, irin mai yaji, idona ya kawo ruwa nan take. Rufin soron yana yoyo ta kusurwa, bangon ya tsotsi ruwan damina, shimfiɗar ta dunƙule ta zama taɓo. Ya yanka jarkoki biyu a kwance ya haɗa da kasake uku, su ne mashaya. Kajin suna shiga ciki da ƙafa. Ruwan ya yi kalar kunun kanwa saboda magani da kashi, gefen kaskon ya yi kore. Na kama kaza ɗaya, ba ta kai rabin nauyin tawa ba, ƙirjinta ya ƙwaƙule ya yi ja, tafin ƙafarta ya yi baƙin miki. Ga su manya da ƙanana kamar ba rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su ba. Wasu sun taru a lungu sun saki fukafukai, ana jin minsharinsu. Da na sunkuya sai na ga jini a cikin kashin.

Na same shi a zaure na faɗa masa abin da na gani. Na ce a fasa bangon a yi tagogi yau ɗin nan, a kwashe shimfiɗar, zan kawo buntu da robobi, a ware marasa lafiya. Ya ce bangon da mahaifinmu ya gina da hannunsa ba za a fasa shi don kaza ba. Buntun ya karɓa. Robobin ma ya karɓa, amma ya ci gaba da ƙara ruwa a kan na jiya, don a ganinsa zubar da ruwan magani almubazzaranci ne, kuma a watan azumi. Na je Gusau na sayo masa maganin kashin jini, mai shagon ya maimaita mini abin da na riga na sani, cewa in ba a gyara ɗaki da mashaya ba, yau su warke gobe su sake ɗauka. Haka kuwa aka yi. Kullum da safe sai a fito da matattu cikin buhu, a faki ido a kai bayan gari.

Sai ya zo mini da tasa dabarar. Ya ce tunda na ce iska ce magani, ga rumfata da sauran wuri, a kwaso nasa a zuba cikin nawa. Na ce masa ba zai yiwu ba, cutar a cikin kashinsu take, kwana kaɗan za ta gama da duka. Na ce zan kafa masa wata rumfar zana a can ƙarshen fili, nesa da tawa. Ya ce wato ya kwaso kajinsa da suka zama abin tausayi ya jera su a fili kusa da nawa, duk mai wucewa ya ga na ƙane ya ga na wa. Na ce to ya bari in na sayar da nawa mu raba ribar. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Ban zo bara ba, Garba. Wuri ni roƙa."

A nan sai na yi muku bayanin Inna, don ku kun san ta ne da tsufa, tana ba ku ƙuli-ƙuli. Yaya Sanda ɗan farinta ne, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin ga". Ko wani Umarun daban ne a gari, sai ta ce mai sunan wancan. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa, in ya yi rashin lafiya ƙanwarta take turawa ta duba shi. Mu ƙanana mun sha ɗauka ba ta sonsa. Kuma tun da ta fita takaba ba ta zuwa ko'ina sai gaisuwar mutuwa.

Washegarin maganarmu da Yaya, bayan la'asar, ina cikin rumfa ina juya buntu, sai na hango tsohuwa tafe da sanda ta hanyar gonaki, zanenta ya jiƙe da laka har ƙauri. Ban gane ta ba sai da ta matso. Da azumi a bakinta ta tako daga cikin gari. Na fito da gudu na durƙusa.

"Inna, lahiya? Da kin aiko ai da na zo."

Ta tsaya jikin raga tana kallon kajin, farare tas, suna ta cin abinci. Ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. "Ga wuri can babu kowa."

"Inna, wurin na nan, amma..."

"Garba, ban taɓa roƙonka komi ba. Ka taimaki Umaru."

Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinta. Da ta faɗa sai ta kawar da kai ta ja mayafi ta rufe bakinta. Na san abin da fitar sunan nan ya ci mata. Na kuma san abin da ke cikin soron. A durƙushen nan na auna komai, jarin kaka, alkawarin masu gashi, ku da kuke ƙanana, da cewa in an haɗa su ba nasa za su tashi ba, nawa ne za su kwanta, gida biyu su rasa mai tallafar wani. Na yi mata bayani a hankali, na kashin jini, na santsin mashaya, na rumfar zana da na ce zan kafa. Tana saurare har na gama.

"Wato ba ka yi."

"Inna, in na yi, mu duka muna faɗuwa."

"To. Allah shi yi albarka ga kajinka."

Na tayar da babur in mayar da ita, ta ce ƙafar da ta kawo ta ba ta gaji ba. Na bi ta a baya ina tura babur ɗin har bakin gari, ba ta waiwayo ba.

Cikin ɗari biyun Yaya Sanda, waɗanda suka ga Sallah ba su kai hamsin ba, su ma ƙanana, masu gashi suka ƙi su, sai mata masu tuwo suka saya a wulaƙance. Nawa kuwa kafin jajibiri babu ko ɗaya a rumfa. Mutanen Anka har rigima suka yi da na Gummi a kan ragowar, wani daga Bukkuyum ya zo ya tarar an gama. Ranar Sallah na aika wa Inna kaji biyar gyararru. Ta sa albarka, ta rarraba wa maƙwabta, ita ta ci tuwonta da miyar kuka.

Bayan Sallah na sayi sa, ja, na sa aka ɗaure a turken Yaya. Da yamma aka dawo mini da shi, da saƙon cewa ya gode, amma ya riga ya ba da fadamarsa aro, kuma ɗayan san ma ya sayar. Lokacin ne maganar zinariya ta cika ƙasar nan, kowa ka gani ya nufi wajen Anka ko Bukkuyum. Ya kwashi iyalinsa ya koma wani ƙauye inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, mata na tankaɗe, yara na wasa a cikin ƙurar. Da farko ya samu, har ya aiko wa Inna da atamfa. Kun san abin da ya biyo baya. Ƙaramar 'yarsa Saratu, wadda ba ku yi wayo da ita ba, tana cikin yaran da gubar dalmar da ke cikin ƙurar nan ta ɗauke. Na je gaisuwa, ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini ruwa. Daga baya ya dawo Gummi. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, amma ba mu sake cin abinci kwano ɗaya ba.

Ban ce ƙin da na yi ne ya kashe yarinyar ba, rai na Allah ne. Amma ni ɗan kasuwa ne, na saba bin kaya in ga daga inda suka taso, kuma na san hanyar da ta kai Yaya ƙauyen nan ta bakin rumfata ta wuce. Na sha juya maganar a raina. Ko yau aka kawo mini kaji masu kashin jini aka ce in zuba cikin lafiyayyu, ba zan zuba ba, ku ma kada ku zuba ko wa ya roƙe ku. Inda nake cizon yatsa shi ne tasha. Da ranar nan na dage na ce kwali goman nan rumfa ɗaya za su, ya yi fushinsa na kwana biyu ya huce, da jan sa ya koma turkensa. Ranar kuwa ban ga komai ba sai sauƙin rabuwar lissafi.

Tun daga shekarar ban taɓa faɗuwa a kaji ba. Iri ɗaya, abinci ɗaya, rana ɗaya aka sauke su, abin da ya raba nawa da na Baffanku iska ce da busasshiyar ƙasa da soson wanke roba, abubuwan da kusan kyauta ne a garin nan. Da su na gina rumfuna huɗun da kuke gani, na yi muku makaranta, na aurar da yayyenku mata, na sauke farali, na kuma biya wa Inna ita ma ta je. Wannan shi ne abin da na samu, kuma ba kaɗan ba ne. Abin da ya fita daga hannuna, yaya ɗaya nake da shi a duniya, ya zama mutumin da nake gaisawa da shi. Inna kuwa ta yi shekaru bayan nan, kullum na je sai ta sa mini albarka, duk abin da na kai mata ta karɓa ta yi godiya kamar baƙo ne ya kawo. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake roƙona komai ba, ko gishirin miya.